Maganar da Na Ɗora wa Tela

Ni matsoraci ne, gara in faɗa da bakina tun farko. Abin dariyar shi ne, a shekarun da nake magana a kansu babu wanda matan Tudun Wada suke tsoro kamar ni. Aikin duba-gari aka ɗauke ni. Ina bin gida-gida da dogon ludayi, in yi sallama mata su shige ɗaka, in leƙa randuna da tukwane. In na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a cikin ruwa sai in sa a zubar, in rubuta sunan maigida. Tun daga bakin lungu nake jin ana kifar da kasake saboda an hango ni. Ba su san mai ludayin ya fi su fargaba ba.

Dalili kuwa, ba a tabbatar da ni a aikin ba tukuna, gwada ni ake yi. Wanda na gada an kore shi ne a kan magana guda. Ya ce a kasuwa maganin da Turawa suke sa a zuba a rijiya wari yake yi, maganar ta isa ofis, washegari aka karɓe ludayinsa. Na sha ganinsa a tashar jirgi yana dako, in muka haɗa ido sai ya kau da kai. Ni kuma ga Inna, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar babanmu. Ba ta da kowa sai ni, ni kuma ba ni da komai sai wannan aiki. Kullum in zan fita da safe sai ta ce in kama bakina. Ina kamawa kuwa, ko'ina ban da wuri ɗaya.

Wurin shi ne rumfar wani tela a bakin hanyar Gyallesu. Ya girme ni da kamar shekara goma, matarsa ta rasu wajen haihuwa, bai sake aure ba. Da girmansa ya koyi boko, saboda haka yana karatu ne da yatsa a kan layi, leɓɓansa suna motsi. A lokacin ne littattafan labari na Hausa suka fara fitowa, 'yan sirara da za ka naɗe ka sa a aljihu. Kafin nan duk abin da muka taɓa gani an buga da boko na hukuma ne: sanarwa, doka, takardar haraji, littafin koyon tsabta. Sai ga labari da irin baƙaƙen nan na sanarwa, daga ofishin da Turawa suka buɗe don yin littattafai. Mu dai ba mu raba ɗayan biyu ba. Duk abin da ya fito daga injin gwamnati, a wurinmu maganar gwamnati ce.

Mai kawo mana littattafan wani malamin asibiti ne, Kirista, ya yi karatu a makarantar mishan, ga fara'a ga surutu. In ya gama ya ba ni, in na gama in ba tela, shi kuma ya yi mako uku a kan abin da na cinye cikin wuni biyu. Bayan la'asar mu haɗu a rumfar, tela ya ɗauke ƙafarsa daga keken ɗinki, a shiga musu. Akwai kuma wani tsoho mai sayar da goro a gefen rumfar, muna ce masa Baba. Bai iya karatu ba, sauraro kawai yake yi, amma ya fi kowa sanin wanda ya kamata a ɗaure a cikin kowane labari.

Littafin da ya jawo mini abin da ya jawo, labarin wani mai haƙar rijiya ne. Garinsu ba ruwa, ya yi shekaru yana haƙa ana yi masa dariya, matarsa ce kaɗai ke riƙe masa igiya tana jawo guga cike da ƙasa. Ana cikin haka ta rasu. Daga ƙarshe ya tarar da ruwa, hakimin ƙasar ya kira shi ya ba shi doki da riga, ya kuma naɗa shi sarauta.

Ranar da tela ya gama shi, mun tarar da idanunsa jawur. Malamin asibiti ya tsokane shi ya ce ko allura ce ta soke shi.

Tela ya ce, "Ku bari, Malam. Wurin nan da ya shiga rijiya bayan ta rasu, ya cika guga, ya ɗaga kai ya ce ta ja, ya manta. Ya tsaya yana jira igiya ta motsa. Wallahi sau uku na karanta wurin nan. Duk wanda ya rubuta wannan ya san abin da ya rubuta."

Malamin asibiti ya ce shi abin da ya fi burge shi haƙurin mutumin, amma marubucin ya cika tsawaita bayanin fari, har ya tsallake shafi biyu. Baba mai goro ya ce shi dai a kamo masu dariyar nan a yi musu bulala. Sai aka juyo kaina, tela ya ce, "Kai fa, Duba-gari? Ka yi shiru kamar ka ga tsutsa a randa."

Da na bar shi a shirun da ya fi mini. Amma ni haka Allah ya yi ni, in abu ya tsaya mini a wuya sai na fito da shi, daga baya in zauna ina rawar jiki. Na ce, "Farkonsa gaskiya ne, ƙarshensa ƙarya ce tsagwaronta. Wane hakimi kuka taɓa gani ya ba mai haƙar rijiya doki? In ruwa ya fito, kewaye rijiyar za a yi a ce ta hakimi ce, shi kuma a tura shi ya haƙa wata a gonar gandu. Wanda ya rubuta wannan ko dai bai san ƙasar nan ba, ko kuma tsoro ya ji."

Malamin asibiti ya bushe da dariya har da buga cinya. Tela ya ɓata rai ya ce ni ba na ganin komai sai aibi, aikin ne ya lalata mini ido. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ya karɓi littafin, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan 'yan ƙananan rubutun da ke ƙasa.

"Yaro, nan me aka rubuta?"

Na ce sunan ofishin da ya buga ne.

"Ofishin wa?"

Ya mayar mini da littafin a hankali, ya ce, "Kana cin albashinsu, ka ce takardarsu ƙarya ce, ka kuma haɗa da hakimi. Ni dai ban ji ba, goro nake jiƙawa."

Na waiga hanya, na ga mutane suna wucewa, na rasa wanda ya ji da wanda bai ji ba. Akwai wani da ya tsaya yana jiran a ɗinke masa aljihu, tun a lokacin na fara ƙoƙarin tuna ko na taɓa ganinsa a wajen ofis. Na koma gida na zauna gaban tuwo na kasa ci. Inna ta tambaye ni, na ce ciki ne.

Kwana huɗu ina aiki kamar ba ni ba. Na shiga wani gida na ga randa cike da 'ya'yan sauro, na rufe na fito, don kada in ƙara wa kaina maƙiyi. In na ji ƙarar keke a bayana sai in waiga, domin masinjojin ofis a keke suke yawo. A rana ta biyar har na fara cewa abin ya wuce, sai na je rumfa na tarar da malamin asibiti yana washe baki.

Ya ce, "Duba-gari, maganarka ta yi kasuwa! Wani daga ofishin littattafai ya zo a wanke masa miki, na ba shi labarin. Na ce a rumfarmu akwai wanda ya ce ƙarshen littafin rijiya ƙarya ce. Har ya ciro takarda ya rubuta."

Na ce, "Ya rubuta?"

"Ya rubuta mana. Ya ce za su so su ji."

"Ka faɗi sunana?"

Ya ce a'a, mutumin bai tambaya ba, rumfar kawai ya kwatanta masa, ya kuma ce cikin masu zaman akwai duba-gari. Ya ga yadda fuskata ta koma sai ya ce, "Haba, labari ne fa, ba doka ba. A makarantarmu har malami ana gaya wa littafi bai yi daɗi ba." Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Na ce a raina shi mutumin mishan ne, in an kore shi yana da inda zai koma. Na san abin da rubuta suna yake nufi, domin ni ma sana'ata ke nan, kuma ban taɓa rubuta sunan wani don alheri ba.

Bayan kwana biyu, da safe, muna tsaye a bakin ofishinmu shugabanmu yana raba mana unguwanni, sai ga masinja a kan keke. Ya gaisa da shugaban, ya ciro wata 'yar takarda, ya ce yana neman duba-garin da yake zama a rumfar tela ta hanyar Gyallesu. Duk aka juyo aka dube ni.

Masinjan ya ce, "Malam, an ce in tambaya, a cikinku wa ya ce ƙarshen littafin mai haƙar rijiya ƙarya ce? Ana son ganinsa gobe da hantsi."

Shugabanmu ya ƙura mini ido, hannunsa a baya. Ban yi shawara da zuciyata ba, ban kuma ce zan iya tuna lokacin da na yanke abin da zan faɗa ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Ba ni ba ne, ranka ya daɗe. Telan ne ya faɗa."

Masinja ya ce to, ya hau kekensa ya nufi hanyar Gyallesu. Shugabanmu ya ce in rage zama da masu dogon baki, ya ba ni unguwar Tudun Jukun. Na ɗauki ludayi na tafi. A hanya na yi ta lallashin kaina. Na ce tela ba ya cin albashin kowa, ba abin da za a karɓe masa. Na ce zai musa, a rasa mai laifi, magana ta mutu. Sai wata zuciyar ta ce in ya musa ai kaina za a dawo, ga laifin farko ga ƙarya a gaban shugaba. Wata kuma ta ce wanda ba shi da albashin da za a tsayar, ai jikinsa ake kamawa. Na tsaya a bakin wata rijiya na yi amai.

Na so in ƙi zuwa rumfa da yamma, amma rashin sanin abin da ake ciki ya fi ƙarfina. Na tarar da tela yana naɗe ɗinkunan mutane, wanda ya gama da wanda bai gama ba, yana gaya wa Baba na wane da na wane. Malamin asibiti bai zo ba, yana bakin aiki. Baba ya dube ni sau ɗaya ya mayar da kansa kan goro.

Tela ya ce, "An aiko ana nemana gobe. Wai ni na ce littafi ƙarya ne."

Na ce, "Me ka ce musu?"

"Na tambayi masinja wa ya gaya masa. Ya gaya mini." Ya ci gaba da naɗe wata riga, ya daidaita hannuwanta. "Sai na ce to, Allah ya kai mu."

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da almakashi, da na samu sauƙi. Maimakon haka sai ya ce, "Ya jikin Inna?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "To ka gaishe ta." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Washegari ban tafi unguwar da aka ba ni ba, na laɓe a bayan wata bishiyar ɗorawa ina hangen rumfar. Na ga tela ya fito sanye da riga biyu, ɗaya kan ɗaya, kamar yadda mutane suke yi in ba su san ko za su kwana a gida ba. Ya lulluɓe keken ɗinkinsa da buhu, ya miƙa wa Baba makullin ɗakinsa, suka daɗe suna riƙe da hannun juna. Sannan ya kama hanya da ƙafa. Ya wuce ta kusa da ni sosai har ina jin ƙarar takalminsa. Abin da ake bukata kawai shi ne in fito in ce, Yaya, koma, ni zan je. Na tuna da wanda na gada, a tasha da kaya a kansa, na tuna Inna, na manne da bishiyar nan har ya ɓace.

Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Na shiga gidaje ban san abin da na duba ba. Na yi ta ganinsa a zuciyata da ankwa, ana tambayarsa wane hakimi yake nufi, shi da bai taɓa zagin ko akuyar hakimi ba. Na yi sallar azahar ban san raka'a nawa na yi ba. Na roƙi Allah ya fid da shi, amma ko a cikin addu'ar sai da na haɗa da kada ya ambaci sunana, kuma ina sane da na haɗa.

La'asar sakaliya ya dawo. Ba ankwa, ba tabon bulala, rigarsa ta sama a kafaɗa saboda zafi. Baba ya tashi ya rungume shi yana hamdala. Malamin asibiti, wanda ya riga ni isowa, ya ce ai ya gaya mana. Tela ya zauna ya sha ruwa, ya ce ba Bature ya gani ba, ba kuma alƙali ba. Wani malami ne Bahaushe, saurayi ma, a wani ɗaki cike da takardu, kuma shi ne ya rubuta littafin da hannunsa. Ya ba shi kujera, ya ce tun da littafin ya fito kowa yabo yake yi masa, yana so ya ji mutum ɗaya da zai gaya masa inda ya kasa.

Baba ya ce, "Shi ke nan? Ba hukuma?"

Tela ya ce, "Shi ke nan." Ya yaye buhun daga kan keke ya ci gaba da ɗinkin da ya bari. Malamin asibiti ya yi ta jan sa da tambaya, me ya ce, me aka ce masa, shi kuwa tela ya ce gajiya yake ji. Ni kuwa daɗi ne ya fara kama ni, daɗin wanda ya tsira, sai daga baya kunya ta biyo. Ban iya zama ba, na yi sallama na tafi.

Na daina zuwa rumfar. In aiki ya kai ni wajen sai in zagaya ta wani lungu. Malamin asibiti ya aiko mini da sabon littafi, na mayar masa ban buɗe ba. Bayan wata biyu aka tabbatar da ni a aiki. Shugabanmu ya yaba da natsuwata, aka ba ni yadin kaki aka ce in kai a ɗinka. Akwai teloli da yawa a Tudun Wada. Na kai yadin gida, Inna ta yi guɗa, ta ce maza in kai wa abokina, wa zai ɗinka mini kayan arziki in ba shi ba. Sai na ɗauka na tafi.

Ya karɓi yadin ya yi mini barka, da gaske kuma ya yi ta. Ya ɗauko igiyar awo ya ce in miƙe. Ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, yana rubutawa da alli a jikin yadin. Yana bayana, ba ya ganin fuskata, sai na samu ƙarfin halin tambayar abin da ya daɗe yana ci na.

"Yaya, me ka gaya masa?"

Ya gama rubuta awon da alli. Sannan ya ce, "Abin da ka faɗa. Na haddace shi a hanya, don kada in yi kuskure a gane ba nawa ba ne. Na ce masa ƙarshen ƙarya ce, na ce ko bai san ƙasar nan ba ko tsoro ya ji. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ya zagayo da igiyar ta ƙirjina.

"Ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiyata, tsoro ya ji. Sai ya ɗago ya tambaye ni, to duk littafin babu wurin da ya taɓa ni, ko ɗaya? Ka ga, a lokacin ban san ko tarko ba ne. Na ce in na yaba, za su ce ashe ba ni ba ne mai maganar, su koma neman wani." Ya duba awon, ya rubuta. "Sai na ce masa babu."

Na ce, "Ai kana iya komawa ka gaya masa."

"Na koma, bayan mako biyu. An ce an mayar da shi koyarwa a wani gari mai nisa." Ya naɗe igiyar a yatsunsa. "Mutum ɗaya a duniya da ya san abin da ke damuna tun da ta rasu, ya zaunar da ni a kujera ya tambaye ni, na dube shi na ce babu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, in ba haka ba ai da bai je ba. Ya ce in zo ranar Alhamis in karɓa.

Kayan sun zauna mini cif, babu inda ya matse, babu inda ya yi yawa. Na sa su na yi shekaru ina aikin da na tsira da shi, ba wanda ya taɓa kama ni da wata magana. Amma marubucin nan ya tafi da abin da aka gaya masa, ba mu sake jin ya rubuta wani labari ba, kuma har tela ya rasu bai samu wanda zai aika masa da gyara ba.